JAWABI KAN DABINON KWALBA, A TARON ƘUNGIYA



An kawo shawara a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya a sayo dashen dabino irin wanda ake renonsa cikin kwalba. Kuɗin nan guminku ne, don haka ya kamata mu san abin da za mu saya.

Kun sani, in aka shuka ƙwallon dabino, kusan rabi maza ke fitowa, kuma ba a gane su sai bayan shekaru, ranar da suka yi fure. Matan ma ba su cika gado daɗin uwarsu ba. Shi ya sa masu garka a Bilma da Ingal ke cire ɗan gindi su dasa. Amma uwa guda ƴaƴan gindinta kaɗan ne duk rayuwarta.

Ga dabarar masu bincike. Suna fere ɗan gindin uwa ta gari har su kai ga zuciyarsa mai taushi, su sa ta cikin kwalba mai tsabta da sukari da abincin tsiro. Tana tohuwa, ana rabawa, har guda ta zama dubbai, duka mata, duka irin uwar. Aikin yana cin shekaru, sannan a saba musu da iska a inuwa. Da wannan hanya Maroko ke mayar da dabinon da cutar bayud ta kashe mata, kuma da ita Namibiya da Indiya suka kafa gonakin Majhul da Barhi.

To amma kwalba ba ta sake halin dabino. Yana son gindinsa cikin ruwa, kansa cikin rana. A nan kudu, in damina ta tarar da ƴaƴa ba su nuna ba, sai su tsage su ruɓe. Kuma dashen yana fitowa da rauni, yana son ban-ruwa da shinge saboda awaki. Namiji ma sai mun tanada don barbara.

Shawararmu ita ce: kada mu zuba asusu duka. Mu tambayi malaman gona da ma'aikatan INRAN wane iri ke nuna kafin ruwa, mu nemi takardar shaidar iri wajen mai sayarwa, mu gwada kaɗan a garkar ƙungiya. In sun yi ƴaƴa mun gani da idonmu, sai mu ƙara.

Dattawa, magana tana hannunku. Allah shi ba mu damina mai albarka.