Sawun Taya da Hakkin Majinyaci: Binciken Haɗarin Manyan Motoci a Ƙasar Mafara



1. Gabatarwa

Duk wanda ya san babbar hanyar da ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau ta nufi Sakkwato, ya san Talata Mafara, domin kusan a tsakiyar tafiya take tsakanin Gusau da Sakkwato. Daga wannan hanya ake ratsewa zuwa Bakura da Maradun, ƙasar noman rani da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Manyan motoci ba su yankewa a nan: tirelolin siminti daga Kalambaina, da na shanu da albasa masu gangarawa Kudu, da tankokin mai masu haurowa, da motocin da ke kwasar shinkafar Bakolori. Ran Talata kuwa, da yake kasuwa na ci, sai su cuɗanya da 'yan kabu-kabu da amalanke da masu tafiya ƙasa.

Idan haɗari ya auku, abin da aka saba ji shi ne, ƙaddara ce. Gaskiya ne. Amma imani da ƙaddara bai ɗauke biyan ɓarna daga kan wanda ya yi sakaci ba, ko a dokar ƙasa ko a shari'ar Musulunci. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa hakkin wanda aka ji wa rauni ba a kotu ya fi salwanta ba. A bakin titi yake salwanta, cikin sa'o'in farko, lokacin da shaida ke nan amma ba wanda ya kula da ita.

2. Masu Bincike

Ɓangarori huɗu ne ke da hannu a binciken haɗarin babbar mota, kowanne da tambayar da yake neman amsarta. Na farko, 'yan sandan sashen motoci, waɗanda ke buɗe fayil, su ɗauki jawabin shaidu, su zana taswirar wurin. Tambayarsu ita ce, wa ya karya doka? Na biyu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, aka sabunta dokarta a 2007, ana kuma kiranta kyauta ta lamba 122. Ita aikinta ceto, da buɗe hanya, da gano musabbabi don kauce wa gaba. Na uku, jami'in duba lafiyar mota, wanda aka fi sani da VIO, shi ke bayar da rahoto a kan halin da motar take ciki. Na huɗu, wakilin kamfanin inshora, wanda ke son ya san ko nauyin biya ya hau kamfaninsa.

Sai a lura: a cikin huɗun nan babu wanda aka ɗora wa neman diyyar majinyaci. Wannan ya rage gare shi da danginsa da lauyansa, kuma da rahotannin waɗancan za su yi aiki.

3. Abin da Titi Yake Faɗa

Shaidu sukan manta, wasu sukan karkata, amma kwalta ba ta da dangi. Mai bincike yana fara neman ainihin wurin da aka yi karo, ta hanyar kartar da ƙarfe ya yi wa titi, da inda gilashi ya tarwatse, da inda mai da ruwan lagireto suka zuba. Wannan wuri shi ke nuna wanda ya bar hannunsa ya shiga na wani.

Sa'an nan ya auna sawun birki. Ilimin lissafi ya tabbatar da cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yana ninkawa sau huɗu. Alal misali, a kan busasshiyar kwalta inda ma'aunin riƙon taya ya kai 0.6, sawu mai tsawon mita 40 yana nuna cewa motar ba ta kasa kilomita 78 a sa'a ba lokacin da aka taka birki. Ƙa'idar hanya kuwa ta yanke wa tirela da tanka kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Ke nan igiyar awo kaɗai ta isa ta ƙaryata direban da ya rantse a hankali yake tafe. Daɗin daɗawa, motar da ke kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, watau kafin direba ya ɗaga ƙafa ya taka birki ta riga ta shafe kimanin mita 30.

Matsalar ita ce wannan shaida ba ta daɗewa. Ruwan sama da ƙura da tayoyin masu wucewa suna share ta. Haka kuma, saboda matsalar tsaro da ta addabi Jihar Zamfara, jama'a ba su son a daɗe tsaye a daji, sai a yi gaggawar janye motoci. Don haka, bayan an ceci rai, wanda shi ne gaba da kome, lalle a ɗauki hotuna da waya kafin a taɓa kome: lambar kan tirela da ta bodinta, don ba dole ba ne su zama na mutum ɗaya, sawun taya, inda kowace mota ta tsaya, da lambobin wayar waɗanda suka gani. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a karɓi irin waɗannan hotuna a kotu idan an cika sharuɗɗanta.

4. Mota, Direba da Mai Mota

Direbobi da yawa sukan ce birki ne ya tsinke. Wannan ba ƙarshen magana ba ne, mafarinta ne. Birkin tirela da iska yake aiki, saboda haka za a duba ko tiyo na yoyo, ko takalmin birki ya cinye tun tuni. Za a duba taya, don a jikin kowace akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan da dare ne, zaren ƙwan fitila irin na da yakan nuna ko a kunne take lokacin karo, domin zare mai zafi miƙewa yake yi, mai sanyi kuwa karyewa. Wannan yana da muhimmanci ga tirelar da ta lalace aka bar ta kan titi ba fitila, ba alama, sai rassan itace. Za a kuma tambayi na'urar ƙayyade gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya sanyawa a watan Fabrairu na 2017.

A Turai akwai na'urar da ke rubuta gudun babbar mota da sa'o'in da direba ya yi yana tuƙi, a Amurka ma an wajabta irinta daga ƙarshen 2017. A nan kuwa sau da yawa takardu ake bi: lasin direba da ajinsa, takardar kaya mai nuna nauyi da lokacin lodi, da rajistar 'yan kamasho a tasha. Daga waɗannan ake gane lodi ya wuce kima, ko direba ya kwana bisa hanya bai runtsa ba.

Amfanin wannan duka shi ne a kai ga mai mota. Doka ta ɗora wa ubangida alhakin sakacin da yaronsa ya yi a bakin aiki, balle idan shi ne ya ƙi gyara. Direba ba shi da abin biyan ƙafar mutum. Mai mota da inshorarsa su ke da shi.

5. Shaidar Asibiti

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Ko a babban asibitin Talata Mafara aka tsaya, ko an wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, katin ranar farko shi ne ke ɗaure rauni da haɗarin. Wanda aka zarce da shi wurin mai ɗori ba tare da hoton ƙashi ba, ko da ya warke, ya rasa hujja. Kotu na bukatar rasit a kan kowane kuɗin magani da aka kashe, da rahoton likita a kan nakasar da ta rage. A kansa ne alƙali ke ƙiyasta wahala da asarar sana'a.

6. Wa Zai Biya?

Inshorar ɓarnar da mota ta yi wa wani ta zama tilas a Nijeriya ta dokar 1945, wadda ta fara aiki a 1950. A watan Janairu na 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta ga motar dakon kaya naira 100,000 a shekara, da iyakar naira miliyan 5 a kan ɓarnar dukiya. Wannan iyaka ta dukiya ce, ba ta rai ko rauni ba. A 2025 aka haɗe tsofaffin dokokin inshora cikin sabuwar doka guda, wadda ta tanadi asusu don waɗanda motar da ba ta da inshora ta ji wa rauni, ko wadda ta gudu ba a gane ta ba. Da yake takardun jabu sun yi yawa, ya kamata a tantance lambar motar a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID.

Akwai gargaɗi ga masu hawa saman tirela tare da shanu ko buhuna saboda arha. Inshorar motar kaya ba don fasinja aka yanke ta ba, kamfani na iya tsayawa a kan haka, kotu kuma na iya rage diyya gwargwadon gangancin mutum ga kansa. Sa'an nan shigar da ƙara yana da wa'adi, jinkiri na iya kashe hakki.

Tun watan Janairu na 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, Zamfara ke aiki da shari'ar Musulunci har a manyan laifuffuka. A mazhabar Malikiyya diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Malaman fiƙihu tun da can sun ɗora wa mahayin dabba da mai janta da mai kora ta biyan abin da ta taka, kuma a kan haka ake kiyasin direba. A nan ma hujja ake nema daga mai ƙara. Yafewa alheri ne, amma sai mai hakki ya san abin da yake yafewa, kuma rabon maraya ba abin da babba zai sarayar ba ne don jin kunya.

7. Kammalawa

Sulhu a ofishin ƙungiyar direbobi ko a fadar hakimi ba laifi ba ne, in dai an rubuta shi, an kuma jira rahoton likita, don raunin da aka raina yau yana iya hana manomi riƙe garma baɗi. Ya kamata ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su wayar da kan masu unguwanni da mazauna bakin hanya irin su Lambar Bakura, tun da su ke fara isa wurin haɗari. Ma'aikacin da rahoto ya biyo ta teburinsa ya tuna abincin wani gida ne a hannunsa. Ɗalibai kuwa, musamman na fannin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ga fage nan yana jiran masu iya awo da lissafi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalam.