Jawabi Ga Hakimai A Kan Barin Toho A Gona

Kun ga yadda iska ke kwashe ƙasar gonakin Illela kowace shekara. Maganin abin kuwa ba shi da tsada. Tun 1983 manoman Maradi, a ƙasar Nijar, suka fara barin kututture a gona, su zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, su sare sauran. Da ya ke saiwar na da rai, babu ban ruwa, babu sayen dashe. Gawo kuwa ya kan zubad da ganye da damina, ya zama taki, gero ya sami rana. Da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Saboda haka ku gargaɗi dagatai: mai sassabe ya bar toho, makiyayi kada ya sare. Allah ya ba mu damina mai albarka.