Ledar Madara Ba Tukunya Ba Ce



Duk wadda ke da ledar madarar gari a kusa, ta yaga ta, ta dubi bakin yagar da kyau. Ido zai ce mata abu ɗaya ne, alhali galibi hawa uku ne. Na waje roba ce mai ƙarfi, ta cikinta ake buga rubutu, shi ya sa ba ya gogewa. Na tsakiya alminiyom ne siriri, mai tare haske da iska da danshi. Na ciki kuma roba ce mai laushi, ita ake narkawa a liƙe bakin.

To me ya riƙe su? Gam. Ana ce masa foliyuretan, ruwa biyu ne ake haɗawa, kamar gam mai bututu biyu da masu gyara ke kwaɓawa. Injin yana shafa shi siriri, bai fi giram 2 zuwa 4 a murabba'in mita ba, sannan a matse hawan tsakanin narka-narkan rodi. Roba dai ba ta son gam, sai an bi ta kanta da tartsatsin lantarki tukuna.

Nan ne maganar take. Wannan gam ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi. Sai ya kwana da kwanaki a ɗaki mai ɗumi kafin sinadaran su gama cin juna. Kamfanin da ya yi gaggawar zuba abinci kafin nan, sauri ya haifi nawa, domin ragowar sinadarin na iya ratsawa cikin abincin.

Yanzu ku, iyayen gida. Ina jin labarin masu ƙulla alale a irin wannan leda su jefa a tafasasshen ruwa. Haba Hajiya! Gwangwani ya ƙare ne? Akwai ledar da aka yi musamman don dahuwa, tana jure zafin digiri 121, amma ta madara ba ta cikinsu. Zafi na kwance gam ɗin, hawan su ɗaye. Masu hura gawayi da ita kuwa, ga yaro a goye yana shaƙa, ku ma da ku nake.

In za ki saya a shago, ki shafa ledar. Kin ga ta yi bororo, ko alminiyom ya rabu da roba? Ajiye, a ba ki wata. Kuma dai, kada ta ga tukunya.