Marubucin Wasan Barkwanci da Haƙƙinsa: Laccar da Aka Gabatar a Dogo

Batun wannan lacca shi ne mutumin da ba a tunawa da shi idan jama'a suka tuntsire da dariya a gaban talabijin, wato marubuci. Tarihin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon Damagaram, da rawar da ɗan wasa Yazi Dogo ya taka a cikinta, da gasar samariya ta zamanin mulkin Seyni Kountché, ba sai an maimaita wa wannan taro su ba.

Abin da ke buƙatar nazari shi ne yadda ake ƙera wasan. Janet Beik, a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna cewa 'yan wasa kan zauna su tsara ƙashin labari, a ba kowa matsayinsa, sannan magana ta riƙa fitowa daga bakinsu a wurin gwaji, ana ragi ana ƙari. Masana da jami'an al'adu sun daɗe suna tinƙaho da wannan salo, alhali wasan da bai hau takarda ba yakan bi mai shi kabari, kuma iyalinsa ba su da hujjar neman ko dala idan aka sake nuna shi.

A Amurka, wasan barkwanci mai dogon zango, wanda kowane kashinsa ke cin kusan minti 22, a ɗakin marubuta ake haifarsa, inda mutane ke kewaye tebur suna jefa zolaya ana tacewa, kamar dai zaman gwajin Damagaram. Bambancin shi ne a can akwai mai rubuta duk abin da aka faɗa, kuma akwai yarjejeniya. Shi ya sa Ricky Gervais da Stephen Merchant, 'yan Ingila da suka rubuta The Office wa BBC a 2001, sunansu bai ɓace ba lokacin da tashar NBC ta sake gina shirin daga 2005 zuwa 2013. Shi ya sa kuma marubutan Amurka suka iya yajin aiki na kwana 148 a 2023 har kamfanoni suka sauko.

Masu cewa rubutu yana kashe armashin barkwancin Bahaushe su dubi Daɗin Kowa na Arewa24, wanda da marubuta ake yin sa. Wannan ya ishe su amsa.

Wajibi ne Jami'ar André Salifou, mai ɗauke da sunan marubucin wasan Tanimoune, ta sa ɗalibanta su juye tsofaffin kasakasan rediyo zuwa takarda da sunayen masu su, hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA ta sauƙaƙa rajistar rubutun wasa da Hausa, kuma kada wata gunduma, har da Dogo, ta sake ba da kyautar gasa ga ƙungiyar da ba ta miƙa rubutaccen wasanta ba.