TASIRIN SUDAN A KAN TSARIN KARATUNMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa na Amarawa da Illela, da waɗanda suka tsallako daga Birnin Ƙonni, mu mazauna bakin iyaka mun fi kowa sanin cewa tsarin makarantunmu aro ne. Yaron Illela da Ingilishi yake karatu, na Ƙonni da Faransanci, alhali tsatsonsu ɗaya. To amma akwai wani aron da ba a cika ambatonsa ba, shi ne na ƙasar Sudan.

A shekarar 1909 Turawa suka aika Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, zuwa Masar da Sudan domin ya ga yadda ake koyar da 'ya'yan Musulmi. Da ya dawo ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a Kano. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka kafa makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamanta daga Sudan. Ita ce a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Sannan a 1954 gwamnatin Arewa ta tura ɗalibai zuwa cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda, cikinsu har da Malam Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa.

Me ya sa aka zaɓi Sudan? Domin tana ƙarƙashin Ingila, mutanenta Malikawa ne kamarmu, kuma Turawa na tsoron kada ɗalibanmu su je Azhar su kwaso ra'ayin ƙin mulkin mallaka. Wato lissafinsu na siyasa ne. Amma Allah cikin ikonSa Ya fitar da alheri daga ciki: karatun Larabci da Fiƙihu ya samu aji da manhaja da jarrabawa da takardar shaida, wanda ya haddace Risala ya samu ƙofar zama alƙali ko malami a hukumance. Islamiyyunmu na yau sun ci gadon wannan tsari.

Mu gwada wannan da tsarin 6-3-3-4 da aka kwaikwayo daga Amurka, aka fara aiki da shi a 1982. An kawo injunan koyon sana'a, amma makarantu da yawa ba masu koyarwa, ba lantarki, har kayan suka lalace.

Bambancin a fili yake, ya 'yan'uwa. Aron farko da malami ya fara, na biyu da kaya. Saboda haka duk unguwar da za ta gina Islamiyya, ta fara tambayar kanta: wa zai koyar, ina aka horar da shi, wa zai biya shi albashi a kan lokaci? In muka yi sakaci da wannan, 'ya'yanmu za su yi shekara shida a aji su fito ba Larabci ba boko.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.