Wa Zai Ɗaukaka wa Talaka Ƙara?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kebbe da Kuchi da Margai da Girkau, na gona da na kasuwa da na bakin tasha. Yau maganarmu a kan mutumin da kotu ta ɗaure ne alhali hukuncin bai hau kansa ba, da kuma hanyar da doka ta bari a buɗe don a fito da shi. Kuskuren shari'a abu ne da ke faruwa. Dokar ƙasa ta san da shi, shari'ar Musulunci ta san da shi, kuma dukansu sun tanadi gyaransa. Sai dai gyaran ba ya zuwa da ƙafarsa. Sai wani ya tashi ya bi sawu cikin lokaci, kuma a karkararmu wannan mai bin sawun shi ne ya yi ƙaranci.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin a jiharmu ta Sakkwato aka yi ɗaya daga cikin shari'o'in da duniya ta fi sani. A watan Oktoba na 2001, Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini, mutuniyar Tungar Tudu, hukuncin jefewa bisa tuhumar zina. Bazawara ce, 'yar ƙauye, tana goyon jaririya, kuma ba ta da lauya lokacin da aka yi mata shari'ar farko. Da ta yi shiru ta ce ta bar wa Allah, kamar yadda da yawa daga cikinmu kan yi, da hukuncin ya zauna. Aka sami lauyoyi suka ɗaukaka ƙara, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Imam Ibrahim, kuma ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Sakkwato ta rushe hukuncin ta sallame ta. Daga cikin dalilan kotun akwai cewa dokar da aka hukunta ta da ita ta fara aiki ne a farkon 2001, cikin kuwa tun a 2000 aka same shi, ba a kuma hukunta mutum da dokar da ba ta wanzu ba ranar da ake cewa ya yi laifin. Akwai kuma cewa ba a fayyace mata tuhumar yadda za ta gane abin da take amsawa ba. Wata biyar da 'yan kai kafin wannan rana, ita da mutuwa babu wani shamaki sai takardar ɗaukaka ƙara.

A watan da aka sallami Safiya, kotun shari'a ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal Kurami irin wannan hukunci. Kotun Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta na 2002. Ku lura da wannan, masu sauraro: kotu biyu sun ce ta yi laifi. Sai a karo na uku, ranar 25 ga Satumba 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Kotun ta ce alƙali ɗaya ne ya zauna a shari'ar farko alhali doka ta ce a zauna da mutum uku, ta ce mai iƙirari a laifin haddi yana da damar janye iƙirarinsa, ta kuma ce a mazhabar Malikiyya cikin da ya bayyana ga bazawara a cikin shekarun da malamai suka iyakance bayan saki ana jingina shi ga tsohon mijinta.

Na san abin da wasu ke faɗa har gobe, cewa matsin lambar Turawa ne ya fitar da matan nan biyu. Surutun duniya ya yi yawa a lokacin, babu musu. Amma duk wanda ya duba dalilan da alƙalan suka kafa zai tarar daga tsarin mulkin ƙasa suka fito da kuma littattafan fiƙihun Malikiyya waɗanda aka san su tun kafin a haifi Safiya da Amina. Ka'idar kawar da haddi idan akwai shubuha tsohuwa ce a Musulunci, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa gara shugaba ya yi kuskure wajen yafewa da ya yi kuskure wajen hukuntawa. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, wadda duk ɗalibin alƙalanci ya san ta, ta hori alƙali kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Saboda haka mai ɗaukaka ƙara bai raina alƙali ba, bai kuma yi jayayya da shari'ar Allah ba. Abin da yake cewa shi ne alƙali mutum ne, shaidu mutane ne, ɗan sanda mutum ne, a sake dubawa. Abin da ya kamata ya dame mu a labarin matan nan shi ne tambayar da ya bari: waɗanda sunansu bai shiga jarida ba, wa ya ɗaukaka musu?

Yanzu bari mu dubi inda ɓarnar ta fi farawa, domin galibi ba a gaban alƙali take farawa ba. A caji ofis take farawa, a kan takarda guda. An kamo manomi ko makiyayi daga wani ƙauye na Kebbe bisa zargin satar shanu ko kai wa 'yan bindiga bayani. Yana magana da Hausa ko Fulatanci, ɗan sanda mai bincike yana rubutawa da Turanci. An gama, an kama babban yatsansa an shafa masa tawada an dangwala a ƙasan shafin. Bai san abin da ke rubuce ba, wataƙila ya kwana biyu bai ci abinci ba, wataƙila an lakaɗa masa duka, wataƙila an ce masa idan ya amsa zai koma gida yau. Bayan shekara biyu ko uku, a Babbar Kotu, mai gabatar da ƙara zai ɗaga takardar nan ya ce ga bayanin amsa laifi da wanda ake tuhuma ya yi da bakinsa. A dokar Najeriya kuwa ana iya ɗaure mutum, har a yanke masa hukuncin kisa, da iƙirarinsa kaɗai idan kotu ta gamsu da shi.

Mutane kan ce wanda bai yi ba ai ba zai amsa ba. Moses Akatugba yana ɗan shekara 16 aka kama shi a Jihar Delta a 2005 bisa zargin fashin wayoyin hannu. Ya ce an azabtar da shi har ya sa hannu a takardun da aka riga aka rubuta. Aka yanke masa hukuncin rataya a 2013, sai a watan Mayu na 2015 Gwamna Emmanuel Uduaghan ya yi masa afuwa. A Amurka, wata ƙungiyar lauyoyi mai suna Innocence Project, wadda aka kafa a 1992, ta yi amfani da gwajin ƙwayar halitta wajen sake bin tsofaffin shari'o'i. A cikin ɗaruruwan mutanen da irin wannan gwaji ya wanke a ƙasar, sama da kashi ɗaya cikin huɗu an ɗaure su ne da iƙirarin ƙarya, kusan kashi bakwai cikin goma kuma shaidar gani da ido ce ta nuna wanda ba shi ba. A Japan, Iwao Hakamada ya amsa laifin kisa bayan kwanaki ana matsa masa, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968, kotu ba ta wanke shi ba sai a watan Satumba na 2024, yana tsoho mai shekara 88. Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji da lauyoyi birjik, ba mu da dalilin ɗaukar cewa namu ofisoshin sun kuɓuta.

Doka ba ta bar wannan fage fayau ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, a gaya masa tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, wato a tafi da uba ko ƙane don an rasa wanda ake nema. Ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa, a naɗi iƙirari a bidiyo, majistare kuma ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Jihar Sakkwato ta yi tata irin wannan doka a 2019, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda shi kansa lauya ne. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa. Kotunanmu kuma sun sha cewa idan ta hannun tafinta aka ɗauki bayani, dole a kira tafintan ya ba da shaida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan makami ne a hannun lauya. A hannun wanda ba shi da lauya, rubutu ne kawai a littafin da bai taɓa gani ba.

Akwai ƙorafin da ya fi duk sauran nauyi, kuma ba zan yi masa riƙon sakainar kashi ba. Mutanen Kebbe da kudancin Tambuwal sun ga tashin hankali. An kore shanu, an ɗauke mutane don kuɗin fansa, an bar gonaki babu noma. Wanda aka kashe wa ɗa idan ya ji ana maganar haƙƙin wanda ake tuhuma, zuciyarsa za ta ce masa ana neman sakin azzalumai ne, kuma fushinsa yana da tushe. Amma mu yi lissafin da kyau. Ranar da aka rufe mara laifi a kan wani kisa, ranar aka rufe binciken kisan. Wanda ya yi aikin yana daji da bindigarsa, babu mai nemansa kuma, gobe zai dawo. Iyalan mamaci ba su sami haƙƙinsu ba, an dai ƙara gida na biyu a cikin masu kuka. Sannan a lokacin tsoro ne ƙazafi ya fi araha. Mai rikicin gona da maƙwabcinsa, ko mai neman matar wani, kalma ɗaya ta ishe shi: ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne. Tsananta bincike kafin a ɗaure mutum yana cikin aikin tsaro, domin shi ne ke kai hannu ga mai laifin na gaskiya.

Saura maganar kuɗi da nisa, kuma gaskiya ce. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe ta fi haka, ga kuɗin mota, ga kuɗin haɗa kundin shari'a, ga ɗage zama. Wannan na cikin abin da ya sa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba. Duk da haka akwai ƙofofin da ba a biya. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofishi a Sakkwato, haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ƙungiyar lauyoyi da ta lauyoyi mata suna ɗaukar wasu shari'o'in kyauta. Babban Jojin Jiha yana da ikon ziyartar gidan yari ya saki wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, gwamna kuma yana da ikon afuwa a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya tana da reshe a cikin garin Sakkwato. Ofisoshin nan ba su da isassun ma'aikata, kuma nauyi ne a wuyan gwamnati ta kai lauyoyin agaji hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, amma ko a yadda suke, sai wanda aka kai musu sunansa suke iya taimako.

Lokaci kuma ba ya jira. A 1981 aka zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, amma hukuncin ya tarar da shi a kabari. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar laifi kuwa kwana 90. Idan ya wuce ana iya roƙon kotu ta ƙara lokaci, sai dai aikin ya ƙara wuya.

Don haka, iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sauraro, idan an kama naku, ku rubuta rana da ofishin da sunan kotun da lambar shari'ar. Ku gaya masa kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshensa ba. Idan an doke shi, ya faɗa wa alƙali a zaman farko. Idan an yanke hukunci kuma kun tabbata zalunci ne, ku nemi kwafin hukuncin a wurin magatakardan kotu tun a makon, ku kai wa lauya. Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da limamai, ku da kuka san kowa a garuruwanku, ku tambayi wane ne naku da ke tsare shekara da shekaru babu labari, ku miƙa sunansa inda ya dace.