In Mota Ta Mutu A Hanya

Jama'a, yau za mu yi magana a kan mota. Da yawanmu ba mu da ita, amma duk muna shiga. Ran da ta mutu a daji, da mai ita da fasinja wahala ɗaya suke sha. Wani mara lafiya zai kai asibiti, wani tumatir zai kai kasuwa. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke kashe inji.

Inji kamar murhu yake. Murhu yana son itace, da iska, da wuta. Injin fetur kuma yana son abu 3: mai, da iska, da tartsatsin wuta daga filogi. In ɗaya ya yanke, sai inji ya tsaya.

Da fari mu tura motar gefen hanya, mu tokare taya da dutse. Sa'an nan mu tambayi direba, yaya ta mutu?

In ta yi ta fizga tana shaƙewa kafin ta mutu, mu zargi mai. Ko ya ƙare, ko datti ya toshe matacinsa, ko ruwa ya shiga tanki, ko famfon da ke turo shi ya gaza. Kada mu dogara ga allurar mai kaɗai, takan yi ƙarya. Kul, kada a leƙa tanki da ashana!

In ta mutu farat ɗaya, kamar an hure fitila, mu zargi wuta. Mu kunna fitilu. In ba su kama ba, mu duba kan batir. Watakila ya kwance, ko ya yi tsatsa. A kankare shi, a ɗaure tam. In fitilu sun kama, mu duba fis da wayoyin da ke zuwa filogi.

In kuwa mun ga tururi, inji ya yi zafi ke nan. Ko ruwan lagireto ya tsiyaye, ko fambel ya tsinke. Kada kowa ya buɗe lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsalle ya ƙona fuska. A jira kamar minti 30. Kafin nan mu zaro sandar awo, mu duba baƙin mai. In babu, kada a tayar, don inji zai buga, gyaransa kuwa kuɗi ne mai yawa.

Motocin yanzu suna da kwamfuta a ciki. In mun duba duk waɗannan ba mu ga laifi ba, mu bar ta haka. Mu kira makaniki, ya jona na'urarsa ta nuna masa ciwon. Kada mu yi ta murza makulli har batir ya mutu, mu ƙara wa kanmu aiki.

To jama'a, mu riƙe wannan. Mu fara da mai sauƙi, kafin mu taɓa mai wuya. Kullum kafin a tashi, a duba mai, da ruwa, da baƙin mai. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.